Neman shawara: LTspice na tsaya min a kan buck konbata, in koma PLECS ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ina haɗa buck konbata ne da zai sauke bolt 24 zuwa 12, suwicin 100kHz, indokta 100uH, na ce bari in fara gwadawa a kwamfuta kafin in je ina ƙona mosfet (tiransistan da ke kunna wutar yana kashewa) a banza. Na zana a LTspice, manhajar gwada zanen lantarki a kwamfuta, tunda kyauta ce, na sauko da modal ɗin mosfet (fayil ɗin da ke kwaikwayon yadda yake aiki) daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, amma da na sa shi aiki sai ya yi ta ja kamar ba zai gama ba, wani lokacin ma ya tsaya ya rubuto "time step too small". Kwana uku ke nan abin na damuna wallahi. Wani ya ce in koma PLECS ko PSIM, su ma manhajojin gwaji ne, shin matsalar daga manhajar take ko daga wajena?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Tsawon wane lokaci ka sa masa?

Mai tambaya:
50ms oga, so nake in ga bolt ɗin ya zauna.

Amsa ta 1:
To ka gani, a 100kHz kowane zagaye 10us ne, 50ms kuwa zagaye 5000 ke nan, kuma duk kunnawa da kashewa sai LTspice ta rage takunta zuwa nanosakan tana lissafin 'yan kapasitocin da ke cikin mosfet ɗin, dole ya ja. Cire modal ɗin kamfani tukuna, saka sassauƙan suwic ɗin nan na LTspice mai suna SW ka ba shi Ron (turjiyarsa in yana kunne) kamar ohm 0.01, Vh ɗinsa (tazarar bolt ɗin kunnawa da kashewa) ka sa lamba mai alamar ragi don ya riƙa juyawa a hankali ba farat ɗaya ba. Kapasita ma ka ba ta 'yar Rser (turjiyar da ke jere da ita), kapasita marar turjiya ko kaɗan tana yawan jawo wannan saƙon. Sannan ka yi amfani da umarnin .ic mai saita yanayin farko ka fara autfut daga bolt 12, ba sai ka jira ya hau daga sifili ba.

Amsa ta 2:
Ni PLECS nake amfani da ita a wajen aiki, gaskiya tana da sauri sosai don suwic ɗinta a kunne yake ko a kashe, ba tsaka-tsaki, zafin da mosfet zai yi kuma daga tebur take ɗaukowa. In kanturola kake tsarawa ta fi daɗi. Amma fa sai da lasisi, kuma rawar da bolt ke yi a get ko diren (ƙafafun mosfet) lokacin suwicin ba za ta fito maka da kanta ba, nan manhajar SPICE irin LTspice ta fi ta.

Amsa ta 3:
Ɗan uwa kafin komai yi lissafi da biro. Diyuti (kason lokacin da suwic ke kunne a kowane zagaye) rabi ne, rifil (hawa da sauka) ɗin karan na indokta zai zo 0.6A. In kwamfuta ta ba ka wani abu daban to zanen ne da kuskure. Akwai QSPICE ma, kyauta ce, Mike Engelhardt da ya rubuta LTspice shi ya yi ta, ta fito 2023.

Mai tambaya:
Alhamdulillah na sa SW da Rser, cikin 'yan daƙiƙu ya gama kuma rifil 0.6A daidai. Allah ya saka da alheri. Yanzu zan mayar da modal ɗin kamfanin in gwada zagaye 20 kawai in ga abin da get ke yi.