Wa ke duba ginin makarantun gwamnati?

Abu Sadik: Jama'a, raina a ɓace yake. Sabon ajin da aka gina a firamaren unguwarmu bai cika shekara ba ya tsage daga sama har ƙasa. Na murza bulon da yatsa, yashi ya zubo. Tun 2006 aka fito da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, aka bar wa jihohi su mayar da shi doka. Me majalisun jihohinmu suke jira? A Yulin 2024 makarantar Saint Academy ta rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, galibi ɗalibai. Dole a sa doka a kan kowane ginin gwamnati, a daina barin birkiloli maha'inta suna kashe mana 'ya'ya.

Baba Magini: Yaro, janye kalmar nan. Maha'inta? Birkila ne yake sayen siminti? Ɗan kwangila zai ajiye maka buhu ɗaya ya ce a buga bulo sittin, ka yi gardama gobe ya kawo wani.

Abu Sadik: Baba, ba da kai nake ba.

Baba Magini: Da duk mai riƙe da cokalin gini kake.

Injiniya Sani: Baba ya yi gaskiya, amma rabi. Na ga birkilan da ya ƙara wa kwaɓi ruwa don ya yi masa sauƙin zuba. Kankare ba ya son haka. A zuba kankaren rufin bene a cire katako kafin ya kama, a sa rodi mai kaurin milimita 12 a inda zane ya ce mai 16. Ko wane suna za ka ba wannan?

Maman Hanan: To Injiniya, ku da kuke sa hannu a takarda ba ku taka wurin ba fa? Benen Ikoyi a Legas mai hawa 21 da ya rushe a 2021 birkila ne ya zana shi?

Injiniya Sani: Hajiya, ba duk mai farar hular kwano ne yake da rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ba.

Ɗan Kwari: Ku tuna benen da ya rushe a titin Beirut na Kano a 2022. Gwamnatin wa ke ci a Kano lokacin?

Sarkin Yaƙi: An fara. Ku da kuka zo 2023 da katafila kuna rusau a Filin Idi da otal ɗin Daula, doka kuka bi?

Ɗan Kwari: Filin al'umma aka ƙwato, Malam.

Sarkin Yaƙi: Dukiyar bayin Allah aka salwantar!

Maman Hanan: Don Allah mu koma kan ajin yaran nan.

Baba Magini: Ba inda za mu koma sai ya janye. Da wannan hannun na aurar da 'ya'yana, ban taɓa cin haram ba.

Abu Sadik: Ba zan janye ba, Baba. Wanda ya ga bulon banza ya ɗora shi yana da nasa kason.

Injiniya Sani: Tunda ni ke kula da zauren nan, zan rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda matsalar daga masu aikin hannu da 'yan kwangila take, saboda ba a sa ƙwararrun injiniyoyi a kansu. Maganar Hajiya ba ta zo da hujja ba. 'Yan siyasa kuma su nemi wani wurin. Na kulle sharhi.