Yadda ake raya fen na kwandon rataye a cikin gida har hunturu ya wuce

Mai Baranda: Assalamu alaikum jama'a. Masu fen na Boston, wannan tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu da ake ratayewa a baranda, ya kuke yi da shi idan sanyi ya shigo? Da yawa ana shigar da shi ɗaki, kafin wata guda ya zube tas.

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Da farko dai kar a jira raɓa ta fara daskarewa, dare ɗaya ya isa ya ƙona shi. Da zarar sanyin dare ya sauko kusa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, a shigar da shi. Kafin nan a sauke kwandon, a wanke ganyen da ruwa sama da ƙasa, a yanke duk wanda ya bushe ko ya yi rawaya daga gindi. Dogayen ganyen nan da ke lilo daga kwandon a rage kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu. A duba bayan ganye sosai: farin abu kamar auduga ko ɗigo mai maiƙo da ke manne a kara ƙwari ne, a goge da auduga da sifirit. Amma ɗige-ɗigen da suka jeru layi-layi a bayan ganye ƙwayoyin da yake yaɗuwa da su ne, ba ƙwari ba, a bar su.

Uwar Furanni: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni a ganina ba sanyi ke kashe shi a ɗaki ba, busasshiyar iskar hita ce. Fen yana son laimar iska, wato danshinta, ta kai kashi 50 cikin 100, ɗakin da ake kunna hita kuwa yakan faɗi ƙasa da 30. Ga shi zafi sama yake tashi, to wanda aka rataye kusa da silin shi ya fi shan wuya. A sauko da shi kan tebur, nesa da hita da bakin ƙofa, kusa da tagar gabas inda akwai haske ba rana tsaka ba. Fesa ruwa da ake yi ba ya wani tasiri, minti kaɗan ya bushe. Na'urar sa laima ta fi, ko banɗaki mai taga.

Mai Baranda: To ban ruwa fa, Hajiya?

Uwar Furanni: A tura yatsa kamar santimita 2. In ƙasar ta bushe a ba shi har ya tsiyaye, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Da hunturu ba ya girma sosai, ruwa in ya yi yawa saiwa ce za ta ruɓe. Taki kuma a dakatar sai sabon toho ya fito.

Mai Lambu: Ƙari a kan haka, tsohon kwando saiwa ta cika shi, sai ruwa ya bi gefe ya fice, tsakiya a bushe ƙamas. A ɗaga a ji nauyi. In ba nauyi, a tsoma shi cikin baho minti 20 zuwa 30.

Ɗan Gareji: Wanda ba shi da wuri mai haske, ya bar shi ya yi barci. A aske ganyen saura santimita 10 zuwa 15, a ajiye a gareji ko ɗakin ƙasa da ba ya sauka ƙasa da digiri 10, ruwa kaɗan sau ɗaya a wata. Zai yi muni, kar a jefar. Idan sanyi ya wuce a tsaga dunƙulen saiwar gida biyu ko huɗu da wuƙa, a sa sabuwar ƙasa, a riƙa fitar da shi inuwa na 'yan sa'o'i har mako guda kafin a mayar da shi baranda.