Shawarwarin masu rediyon sha'awa kan umarnin DX cluster

Da masu rediyon sha'awa suka tattauna kan DX cluster, wato dandalin kwamfuta inda ake sanar da tashoshin nesa da aka jiyo, abin da suka fi nanatawa shi ne ka duba kafin ka aika. In ka rubuta umarnin SH/DX zai nuna maka sabbin sanarwa, SH/DX 5N ya ware tashoshin Najeriya, 5U kuma na Nijar. In za ka sanar, rubuta DX, mitar a kilohaz kamar 14025.0, sannan lambar kira, wato haruffa da lambobin da ake gane tashar da ka jiyo da su. Amma sai ka ji lambar da kunnenka, domin harafi ɗaya in ya kauce, nan take zai bazu duniya, mutane su yi ta kiran tashar da babu ita. A DXSpider, ɗaya daga cikin manhajojin da ke tafiyar da DX cluster, ACCEPT/SPOTS ON 20M yana rage cunkoso, domin sanarwar zangon mita 20 kawai zai nuna maka. In ka gama, rubuta BYE.