Su wane ne "fararen hula" a dokar laifukan cin zarafin bil'adama?

Ɗalibar Shari'a:

Assalamu alaikum malamai. Sashe na 7 na Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya (ICC), ya ce kisa, fyaɗe, azabtarwa ko korar mutane daga muhallinsu suna zama laifin cin zarafin bil'adama ne idan an aikata su a cikin hari mai faɗi ko tsararre a kan "kowace al'ummar fararen hula". Sai dai yarjejeniyar ba ta faɗi wane ne farar hula ba. Garin da sojoji ke zaune a cikinsa, mutanensa suna nan a matsayin fararen hula? Sojan da ya miƙa wuya kuma aka kashe shi fa? Su kuma 'yan sa-kai na Civilian JTF na Borno, ina suka faɗa?

Barista Mai Gilashi:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Jimlar ta samo asali ne daga sashe na 6(c) na dokar 1945 ta kotun Nuremberg, wadda ta yi shari'ar shugabannin Nazi na Jamus, kuma kowace kalma a cikinta da aikinta.

"Kowace" ita ce ta raba wannan laifi da laifin yaƙi. Ba a duba ƙasa ko ƙabilar waɗanda aka kai wa harin, don haka gwamnati na iya aikata shi a kan 'yan ƙasarta. "Al'umma" kuwa ba ta nufin duk mutanen ƙasa ko na jiha. Sashen ɗaukaka ƙara na kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya ya ce a shari'ar Kunarac, 2002, ya isa a nuna cewa waɗanda aka auna suna da yawa, kuma yadda aka auna su ya nuna jama'a ake nufi, ba wasu 'yan tsiraru da tsautsayi ya rutsa da su ba.

Ma'anar farar hula, kotuna sun aro ta daga sashe na 50 na Ƙarin Yarjejeniyar Jeniba na ɗaya, 1977: duk wanda ba ya cikin rundunar soja ko ƙungiyar mayaƙa mai tsari ta ɓangaren da ke yaƙi. Sakin layi na 3 na sashen ya amsa tambayarki ta farko kai tsaye: kasancewar wasu da ba fararen hula ba a cikin jama'a ba ya cire wa jama'ar rigarta. Tun shari'ar Tadic a 1997 aka ce ya isa mafi rinjaye su zama fararen hula. A shari'ar Blaskic, 2004, an ƙara da cewa a duba yawan sojojin da kuma ko hutu suka zo. Soja goma da suka zo ganin iyalansu a ƙauye mai mutum dubu biyu ba su mai da ƙauyen bariki ba. Bataliya guda da ta haƙa ramuka ta girke manyan bindigogi, bayan mazauna sun watse, wannan wani zance ne.

Sannan dole fararen hular su zama su ne ainihin abin da aka auna, ba waɗanda ɓaraguzai suka shafa ba. Kunarac ta lissafa abin dubawa: makamai da salon harin, matsayin waɗanda aka kashe da yawansu, ko an ware wata ƙabila ko addini, ko an samu turjiya a lokacin, da ko maharan sun yi ƙoƙarin kauce wa fararen hula.

Malam Na Tsangaya:

Barista ya share fage. Ni kan tambaya ta biyu zan tsaya, don a nan ɗalibai da ma lauyoyi ke yawan tuntuɓe. Tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa: wa aka nufa da harin gaba ɗayansa, da kuma wane ne wannan mutum ɗaya da aka kashe. Sharaɗin "fararen hula" na tambaya ta farko ne.

A shari'ar Akayesu, 1998, kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan kisan kiyashin Ruwanda ta sa waɗanda suka ajiye makami, ko ciwo ko tsarewa ya fitar da su daga fagen daga, cikin fararen hula. Kotun Yugoslabiya ta ƙi bin wannan. Blaskic ta ce soja soja ne ko yana barci ba bindiga a hannunsa. Sai shari'ar Martic, Oktoba 2008, ta warware ƙullin: sojan da aka kama bai zama farar hula ba, amma kashe shi na iya zama laifin cin zarafin bil'adama idan kisan yanki ne na harin da ake kai wa fararen hula.

Ki duba abin da ya faru a Vukovar ta Kuroshiya, Nuwamba 1991. Bayan garin ya faɗa hannun sojojin Yugoslabiya, an kwashi maza daga asibitin garin zuwa wata gona da ake kira Ovcara, aka lakaɗa musu duka a cikin rumfar ajiya, da dare aka harbe su aka binne a rami ɗaya. Kotu ta tantance sunayen mutum 194. Ba wanda ya musa cewa an kai wa fararen hular Vukovar mummunan hari wata da watanni. Amma shaida ta nuna an zaɓi waɗannan mazan ne saboda ana ganin su mayaƙan Kuroshiya ne, kuma mafi yawansu hakan suke. Don haka a ɗaukaka ƙarar Mrksic, Mayu 2009, aka ce babu igiyar da ta ɗaure kisan da harin fararen hula. An hukunta jami'an sojan Yugoslabiya biyu da laifin yaƙi, kwamanda Mrksic ya samu shekara 20, amma tuhumar cin zarafin bil'adama ta faɗi. Hukuncin yana da ɗaci ga dangin mamatan, kuma a ganina kotun ta ƙuntata ma'anar fiye da kima, tunda kisan ya biyo bayan faɗuwar garin da kwana biyu kacal. Amma shi ne abin da ake kafa hujja da shi.

Hajiya Mai Tattara Shaida:

Kan 'yan sa-kai, ƙanwata, suna ba ya yanke hukunci. Kalmar "Civilian" da ke cikin sunan ba ta kare kowa. Abin tambaya: ƙungiyar tana da shugabanci da jerin umarni? Tana ƙarƙashin soja? Aikin mutumin na yau da kullum faɗa ne? Matashin da ke riƙe da gora yana binciken motoci a bakin unguwa yana nan farar hula. Idan ya shiga faɗa kai tsaye, kariyarsa daga hari tana faɗuwa na tsawon lokacin da yake ciki kaɗai, kamar yadda sashe na 51(3) na Ƙarin Yarjejeniyar Jeniba na ɗaya ya tanada. Wanda aka ba bindiga, yake bin ayarin soja daji a kai a kai, da wuya a ƙirga shi farar hula. Wannan ba zancen littafi ba ne kawai: Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Rum a 2001, kuma a Disamba 2020 Fatou Bensouda, babbar mai gabatar da ƙara ta ICC a lokacin, ta ce akwai dalilin gaskata cewa Boko Haram da jami'an tsaron Najeriya sun aikata irin waɗannan laifuka.

Inda fayil ke lalacewa shi ne a rubuta "an kashe mutum 40" a tsaya. Ga kowane mamaci a rubuta shekarunsa, sana'arsa, tufafin jikinsa, abin da ke hannunsa, inda yake tsaye da abin da yake yi. A tambayi shaidu ko an mai da martani da harbi, daga wane ɓangare, na minti nawa, da nisan shingen soja mafi kusa. A rubuta kalmomin da maharan suka furta yadda suka fito. Dalili shi ne, ƙa'idar "idan ana shakka a ɗauke shi farar hula" ta shafi soja ne a fagen fama. A gaban alƙali, mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da matsayin ba tare da shakka ba.

Ɗalibar Shari'a:

Allah ya saka da alheri. To idan babu yaƙi kwata-kwata, sashe na 50 zai yi aiki?

Barista Mai Gilashi:

Yarjejeniyar Rum ba ta sharɗanta yaƙi ba, shi ya sa kotun ICC ta ba da izinin binciken rikicin bayan zaɓen Kenya na 2007 zuwa 2008. Amma sashe na 50 don yaƙi aka ɗinka shi, bai zauna daidai a jikin zaman lafiya ba. A shari'ar Kayishema, 1999, kotun Ruwanda ta cire masu alhakin tabbatar da doka da ke da ikon amfani da ƙarfi, wato soja, 'yan sanda da jandarma, daga cikin fararen hula. Masana da dama na ganin inda ba a yaƙi babu mayaƙi, don haka kowa ya cancanci kariyar, har sojan da gwamnatinsa ta kama tana azabtarwa. Daftarin 2019 na Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ya kwafi jimlar Rum ba tare da fayyace ta ba, kuma shi za a ɗora a tebur a taron ƙulla sabuwar yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2028 da 2029.