Wa ke yanke abin da za a nuna a katun?

Sadiya_Zane: Jama'a, me ya sa soyayyar jinsi ɗaya a fina-finan katun ba ta wuce daƙiƙa biyu ko jimla guda? Marubuta ne ke tsoro, ko kamfani?

Malam_Edita: Malama Sadiya, galibi kamfani ne. Rubutu da zanen farko sai sun bi ta sashen tace abin da za a watsa, daga nan masu sayarwa ƙasashen waje su duba. Suna son abin ya zama gajere don a iya cire shi ba tare da labarin ya karye ba. A fim ɗin Onward na kamfanin Pixar na 2020 jimla ɗaya ce tak daga bakin wata 'yar sanda, inda ta ambaci budurwarta. A Rasha aka sauya kalmar wajen fassarar murya, Saudiyya da Kuwait kuwa suka hana fim ɗin. A fim ɗin Lightyear na 2022 an cire sumbar da wasu mata biyu suka yi, sai da ma'aikatan Pixar suka rubuta wasiƙar ƙorafi aka mayar, ƙasashe fiye da goma suka ƙi haska shi.

Habu_K: Gaskiyarka Malam. A talabijin kuma kuɗi ne linzamin. Rebecca Sugar, wadda ta ƙirƙiri shirin Steven Universe, ta ce an gargaɗe ta cewa auren jinsi ɗaya da ta saka a shirin a 2018 zai iya janyo asarar kuɗin ƙasashen waje. Shi ya sa ake ajiye irin wannan sai ƙarshen shiri, kamar shirin The Legend of Korra a 2014: riƙe hannu kawai.

Sadiya_Zane: Fim ɗin Nimona fa?

Malam_Edita: Disney ta rufe Blue Sky, kamfanin da ke yin fim ɗin, a 2021, aikin ya tsaya. Wani kamfanin fim, Annapurna, ya ɗauka, Netflix ta fitar a 2023, sumbar da maza biyu suka yi tana ciki.