Gurbin mawalid da gurbin masu ƙasa da shekara 21: wa ya bi hanyar nan da ƙafarsa?

Abu Yasir, Rusaifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona na biyu shekararsa 15, a nan Makka aka haife shi, amma igama gare mu, fasfo ɗinmu na Nijeriya ne. A gasar hawari, wato ƙwallon unguwa, ta azumin da ya wuce wani mai duba yara na wani nadi, wato ƙungiyar ƙwallo, ya gan shi yana buga tsakiya, ya karɓi lambata. Muka je gwaji, koci ya yaba, sai mutumin ofis ya buɗe fayil ya ce yaron mawalid ne, wato haifaffen Saudiyya da ba shi da takardar ɗan ƙasa, guraben mawalid kuma a ƙirge suke, in jira kira. Tun daga nan sai "bukra in sha Allah", wato gobe in Allah Ya so. Wani kuma yana zuga ni in tura shi wata akadami a Kano ko Kaduna, wai daga can sai a sayo shi a matsayin baƙo mai ƙasa da shekara 21, tunda yanzu kowace ƙungiya tana da gurbi biyu na irinsu. Ina son jin wanda abin ya same shi, ba wanda ya ji a majalisa ba.

Koci Ɗan Gulail, Jidda:
Wa alaikumus salam Abu Yasir. Na daɗe ina horar da yara a filin ƙasa na unguwa kafin rusau ya watsa mu, don haka wannan "bukra" ɗin na san ɗanɗanonta.

Fara riƙe lissafin. A 2017 aka buɗe wa mawalid ƙofa, wato waɗanda aka haifa a ƙasar nan ba su da takardar ɗan ƙasa. Ta nan irin su Haruna Kamara suka fito har suka sa rigar ƙasa, kuma a lokacin kowane uba a unguwannin Karantina da Sabil na Jidda gani yake ɗansa ne na gaba. Daga kakar 2024-2025 aka rage jerin babbar tawaga a gasar Roshan, wato babban lig na Saudiyya, daga mutum 30 zuwa 25. Baƙi suka zama 10: takwas ko shekarunsu nawa, biyu waɗanda aka haifa daga 2003 zuwa sama. Na mawalid gurbi ɗaya.

To ka sa kanka a kujerar shugaban nadi. Gurbi ɗaya gare ka. Wa za ka ba? Ɗan shekara 17 da sai ka yi haƙurin shekara uku da shi, ko ɗan 25 da zai ci maka ƙwallo ranar Juma'a? Ina da wani yaro, ɗan baya, dogo, ba ya tsoron sa kai. Ya yi ƙananan rukunai a wata ƙungiya, duk kocin da ya zo sai ya so shi. Ranar da ya isa hawa babbar tawaga aka kira shi ofis, aka ba shi shayi, aka ce gurbin an ba wani ɗan gaba. Ba wanda ya ce masa bai iya ba. Abokin da suke tsayawa tare a baya, wanda shi ne ke gyara masa tsayuwa a fili, ɗan ƙasa ne, aka sa masa hannu a kwantiragi a satin. Nawa yaron yanzu kai saƙon abinci yake yi a mota, da daddare ya zo ya buga mana hawari.

Maganar gurbi biyun nan kuwa, ka dubi waɗanda aka zuba a ciki. Al-Hilal ta sayo Marcos Leonardo daga Benfica kan kimanin Yuro miliyan 40. Al-Nassr ta ɗauko Angelo daga Chelsea da Wesley daga Corinthians. Sunansa gurbin yara, amma manyan ƙungiyoyi yaran da wasu suka riga suka gama ginawa suke saye da shi. Ƙananan ƙungiyoyi ne ke leƙa Afirka, su ma wanda ya buga gasar ƙasarsa ko tawagar matasa suke nema. Mai zuga ka ya faɗa maka wannan?

Ummu Nawaf, Riyad:
Abu Yasir, kar ka ɗauka masu takardar ɗan ƙasa a inuwa muke. Kakanninmu daga Katsina suka zo, mu a nan aka haife mu, ɗana ɗan ƙasa ne, yana da kwantiragi, albashi yana shiga. Amma ni ke wanke kayansa. Ranar wasa rigar takan dawo yadda ta tafi, ko ɗigon koren ciyawa babu a wandon, sai ƙanshin turaren da ya fesa. Na daina tambayarsa yaya wasa, sai dai in ce yaya hanya.

A wasan lig baƙi takwas ake yarda su shiga. Sha ɗaya a cire takwas, saura uku. Kuma tun da aka halatta mai tsaron raga baƙo a 2017 ko ragar ma ba ta tsira ba. Muhammad Al-Uwais da ya tsare mana raga ranar da aka ci Ajantina a 2022, da Bono ya zo Al-Hilal a 2023 benci ya koma. In wannan ya zauna, ɗana ɗan gaba mai shekara 20 fa? Gaba kuwa nan ne kowace ƙungiya ke zuba kuɗinta. Koci Mancini ma kafin ya bar tawagar ƙasa kukan da yake yi ke nan, cewa yana kiran 'yan wasan da ba sa bugawa a ƙungiyoyinsu.

Babansa ya so a ba da shi aro gasar Yelo, wato rukuni na biyu da ke ƙasa da Roshan. Shi yaron ya ƙi, wai abokai za su ce an sauke shi. Har yanzu ana wannan rigimar a gidana.

Ɗan Zariya, Dammam:
Alhaji, ni ɓangaren mai zuga ka zan taɓa, don mu kuɗi muka yi asara. Ƙanena yana da shekara 16 wani dillali a gida ya ce zai kawo shi gwaji nan. Ni ina aiki a nan, na tura kuɗin. Da bizar Umra aka shigo da shi. Ya yi atisaye da wata ƙaramar ƙungiya, suka ce yaro ya yi, amma ba za su iya rajistarsa ba. A nan na fara jin sashe na 19 na dokar FIFA: ba a ɗauko yaro daga wata ƙasa kafin ya cika 18, sai in iyayensa ne suka ƙaura don dalilin da ba ƙwallo ba, da wasu 'yan keɓance-keɓance da ba su shafe mu ba. Dillalin ya san wannan sarai. Biza ta kusa ƙarewa, wayarsa ta daina shiga, ni na saya wa yaro tikitin komawa.

Abin da ya shafe ka: ɗanka yana nan tare da kai, zamansa a ƙasar nan ba yankewa, kuma a dokar FIFA baƙon yaron da ya zauna shekara biyar a jere a ƙasa ana iya yi masa rajistar farko a can. In ka ɗauke shi ka kai Nijeriya aka yi masa rajista a can, dawowarsa ta zama cinikin ƙasa da ƙasa, sai ya cika 18. Ka saki na hannu ke nan.

Abu Yasir, Rusaifa:
Allah Ya mayar da alheri, Ɗan Zariya. Wannan ta rajistar farko ban taɓa jin ta ba. Ummu Nawaf, Allah Ya ba Nawaf rabonsa.

Kawu Bala, Madina:
Ku yaran nan kuna ta lissafin gurabe. Mu da muka ga an ɗauki kofin Asiya a 1984 da 1988, muka ga yara 'yan ƙasa da 16 sun ɗauko kofin duniya a Sikotilan a 1989, duk daga hawari suka fito. A Rasha 2018 Hausawi uku ne a tawaga, Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ne ma kyaftin, kuma a Al-Wahda ta Makka ya tashi. Ɗan baya irinsa sai ya yi kuskure a gaban jama'a, an zage shi, ya sake fitowa sati mai zuwa, sannan yake zama mutum. Yanzu in ya yi kuskure ɗaya, a kasuwar hunturu an kawo wani daga Fotigal. Ni tun da asusun gwamnati ya karɓi manyan ƙungiyoyi huɗun nan a 2023 kallo kawai nake yi, jikokina kuma na ce su riƙe karatu.

Fahad, Jidda:
Kawu, a gafarce ni, ni ina ciki, kuma ba duka na yarda ba. Shekarata 19, ina buga gasar 'yan ƙasa da 21, wani lokaci a kira mu atisaye da manya. Ranar farko da aka sa ni in tsare wani baƙo da ya buga Turai, kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga sau biyu, ya san inda nake. Ni kuwa ƙwallon nake kallo. Bayan atisaye ya riƙe kafaɗata ya juya ni gefe, ya nuna mini yadda zan tsaya in ga mutum da ƙwallo a lokaci ɗaya. Babu kocin yara da ya taɓa nuna mini haka. Abincinmu, barcinmu, awon jiki, duk sun canza tun da suka zo.

Kuma doka ba rufewa kawai ta yi ba. A 2023 aka sauke shekarun shiga lig daga 18 zuwa 16, shi ya sa Talal Haji ya buga wa Al-Ittihad yana ɗan 16. Sa'ud Abdulhamid ya tafi Roma a 2024, Faisal Al-Gamdi da Marwan As-Sahafi suka tafi aro Beerschot a Beljiyam. Da can wa ke fita?

Inda na yarda da Khala Ummu Nawaf shi ne benci. Shi Talal ɗin ma aro aka ba da shi Al-Riyad don ya samu mintuna. Khala, ki gaya wa Nawaf cewa cikin waɗanda muka taso tare, waɗanda suka sauka Yelo suka buga kaka guda cur, su ake kira yanzu.

Baba Abu Yasir, in Allah Ya sa suka kira ku, ka kula da takarda. Yaron da bai kai 18 ba, ba a ɗaure shi da kwantiragin ƙwararru fiye da shekara uku. In kwantiragi ya rage wata shida, ɗan wasa yana da 'yancin sa hannu da wata ƙungiya, shi ya sa kafin lokacin ake matsa wa yaro ya sabunta. Na ga wanda ya ce zai yi shawara da babansa, washegari aka ce ya je ya yi gudu shi kaɗai a gefen fili. Kar ka sa hannu ranar da aka ba ka takardar, ka kai wa wanda ya san dokar ya karanta.

Koci Ɗan Gulail, Jidda:
Fahad ya yi magana, Allah Ya yi maka albarka. Amma Kawu ma bai yi ƙarya ba. Koyo a atisaye daban, a bar ka ka yi kuskure a wasa daban, kuma kocin da ake kora in ya faɗi wasa uku ba zai yi caca da ɗan 18 ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan yi.

Akwai abin da ba a faɗa wa iyaye game da gurbin 21 ɗin nan: yana da ranar ƙarewa. Yaro na tsallake shekarun, sai dai ya ƙwace ɗaya daga cikin guraben takwas na manya, inda masu albashin miliyoyi suke zaune, ko a sayar da shi, ko a tura shi aro. Wanda ya shigo daga Afirka kan ɗan kuɗi kaɗan shi ake fara sallama, a kawo wani ɗan 19 a gurbin. Don haka ko da shawarar mai zugar ta yi aiki, shekara biyu ko uku ce a hannu.

Ni in ɗana ne, nan zan bar shi. Amma ba zan tsaya ƙofar babban nadi ina jiran kira ba. Ƙananan ƙungiyoyi na yankin Makka da Ɗa'if da Jidda su ma suna da rukunin yara, kuma gurbin mawalid ɗinsu ba kowa ke rububinsa ba. A yi masa rajista ya fara buga wasannin hukuma, sunansa ya shiga tsari. Wannan rajistar ma kariya ce ga ƙaramin nadin, don duk wanda ya raini yaro tun daga shekara 12 yana da haƙƙin kuɗin horarwa in yaron ya zama ƙwararre a waje, da kaso cikin kashi 5 na kuɗin cinikinsa. Shi ya sa in sun ga yaro mai kyau ba sa ja maka rai kamar manyan.

Ka tanadi takardar haihuwarsa ta nan, ta asali, da igama mai rai, da shaidar makaranta. Ka duba rubutun sunansa a fasfo da na igama su zo ɗaya harafi da harafi. Na taɓa rasa wa yaro kaka guda saboda a ɗaya an rubuta Usman, a ɗaya Othman, kafin a gyara an rufe rajista.

Ummu Nawaf, Riyad:
Fahad, na nuna masa abin da ka rubuta. Bai ce komai ba, ya dai tambayi wace ƙungiya kake. Koci, kasuwar hunturu in ta buɗe, aron wata shida ya fi, ko a jira ƙarshen kaka a nemi na shekara guda? Babansa na cewa wata shida bai isa koci ya san yaro ba.