Neman shawara: gwaje-gwajen Lua a cikin manhajar C++ suna mutuwa idan na haɗa su

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina kula da wata manhaja da aka rubuta da C++, wadda aka dasa injin Lua (wani ƙaramin yaren rubuta manhaja) a cikinta domin masu amfani da ita su riƙa rubuta ƙananan umarni da kansu ba tare da an sake harhaɗa manhajar ba. Ba ni na fara aikin ba, gadonsa na yi daga wani abokin aiki da ya bar wurin bai rubuta gwaji ko ɗaya ba. Da so samu ne da Python na ɗauka, domin shi na fi sabawa da shi, amma da na karanta cewa tun 1993 aka ƙirƙiro Lua a jami'ar PUC-Rio ta Brazil, kuma an gina shi ne domin a dasa shi a cikin wasu manhajoji, sai hankalina ya kwanta. Yanzu shugabanmu ya ce ba za a fitar da sabon zubi ba sai an gwada duk mahaɗar da ke tsakanin manhajar da injin, lokaci kuma yana ƙurewa.

Na rubuta gwaje-gwajen da GoogleTest, wani kayan aikin gwada manhajar C++. Kowane gwaji yana tura ƙima a kan sitak (jerin guraben da manhajar da injin ke musayar ƙima ta cikinsu), ya kira aikin Lua, ya karɓo amsa da lua_tostring, sannan ya kwatanta ta da abin da ake tsammani. Idan na gudanar da kowanne shi kaɗai yana wucewa lafiya, amma idan na haɗa su sai manhajar ta mutu, kuma ba a wuri ɗaya take mutuwa ba. Wani lokacin ma rubutun da ya dawo haruffa ne marasa ma'ana. Duk gwaje-gwajen lua_State guda, wato injin Lua guda, suke amfani da shi, saboda lodin umarnin farko yana cin lokaci. Don Allah a taimaka mini.

Tsohon injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amsarka tana cikin maganar da ka yi ta injin guda. Kowane gwaji ya buɗe nasa injin da luaL_newstate, ya rufe shi da lua_close, babu wata hanya bayan wannan. Abin da ke faruwa shi ne wani gwaji yana barin ƙima a kan sitak bai cire ba, na bayansa ya ɗora a kai. Gurabe 20 kacal Lua ya yi maka alkawari, wato LUA_MINSTACK, kuma idan ka wuce su ba tare da ka kira lua_checkstack ya ƙara maka gurabe ba, ba zai tsayar da kai ba, rubutu kawai za ka yi a memorin da ba naka ba. Ka ɗauki lua_gettop, wato yawan ƙimar da ke kan sitak, a farkon kowane gwaji da ƙarshensa, idan sun bambanta gwajin ya faɗi nan take. Sannan ka sake harhaɗa Lua da LUA_USE_APICHECK domin ya riƙa kama ka a daidai layin da ka yi ɓarnar.

Mai tambaya:
Na gode, Injiniya. Sai dai injin guda ba ganganci ba ne. A ainihin aiki manhajar injin guda take buɗewa daga tashinta har rufewarta, don haka ina ganin gwajin da ke buɗe sabo kowane lokaci ba ya nuna yadda take aiki a zahiri.

Wani mamba:
Ni ban ga dalilin gwada Lua ɗin kansa ba, tunda masu shi suna da nasu tarin gwaje-gwaje da suke fitarwa ga kowane zubi. Ka lulluɓe duk kiran injin a bayan wani siririn bango, ka sa injin kwaikwayo a wurinsa lokacin gwaji, ka huta.

Tsohon injiniya:
Wannan shawara ce mai haɗari. Laifin a mahaɗar yake, na kwaikwayo kuwa ba shi da sitak na gaske kuma ba shi da mai kwashe shara (sashen injin da ke share memorin da aka daina amfani da shi), saboda haka gwajin zai wuce alhali ɓarnar tana nan daram. Malam, kada ka bi wannan.

Wata mamba:
Ina son a koma kan haruffan nan marasa ma'ana, domin cikar sitak ba ita kaɗai ke kawo su ba. Manunin da lua_tostring ke bayarwa yana nuni ne ga rubutun da ke cikin memorin injin, kuma babu tabbacin zai ci gaba da aiki bayan an cire ƙimar daga sitak. Idan ka cire ta kafin ka kwatanta, a ƙaramin gwaji mai kwashe shara bai kai ga tashi ba, shi ya sa komai ke tafiya daidai, amma idan gwaje-gwaje suka taru sai ya tashi ya kwashe rubutun. Ka kwafe amsar zuwa std::string kafin ka cire ƙimar da lua_pop. Idan kana son tabbatarwa, ka kira lua_gc da LUA_GCCOLLECT bayan cirewar domin tilasta kwashe shara, ka gudanar a ƙarƙashin Valgrind ko AddressSanitizer, wato kayan aikin kama ɓarnar memori. Tambaya kuma: wane zubin Lua ne, kuma an harhaɗa shi a matsayin C ne ko C++? Idan C ne, kuskure da longjmp (umarnin C na yin tsalle kai tsaye) yake tsallakewa, ya bar abubuwan C++ da ke hanya ba a rufe su ba.

Wani mamba daban:
Tambayar zubi ta taɓa mini inda yake ciwo. A wurin aikinmu an tilasta mana tashi daga 5.1 zuwa 5.3 ba tare da an nemi ra'ayinmu ba. Zubin 5.3 na 2015 ya raba cikakkun lambobi da masu ɗigo, har 10/2 ya koma bayar da 5.0 maimakon 5, sai rahotanninmu suka lalace. Mu da muka yi gargaɗi tun farko aka ɗora wa laifi, wanda ya yanke hukuncin kuwa ko tambayarsa ba a yi ba. Har yau abin yana mini zafi.

Mai tambaya:
Allah Ya kyauta, Malam. Malama, na gode, amma lua_tostring ɗin yana cikin wani aikin taimako ne da ainihin manhajar take amfani da shi shekara da shekaru, kuma babu mai amfani da ya taɓa kawo ƙara. Ina tsoron taɓa shi ana gab da fitar da zubi.

Wata mamba:
Rashin ƙara ba shaida ba ce, Malam, domin irin wannan ɓarnar ba kullum take bayyana ba. Kuma har yanzu ba ka faɗi zubin ba.

Tsohon injiniya:
Ana ta kewaye-kewaye. Ya raba injinan tukuna, sauran duk za su fito fili da kansu. Idan yana son gwajin injin da ya daɗe a buɗe, ya rubuta wannan daban, gwaji guda mai tsawo. Sannan ya tabbata da lua_pcall, wato kira mai kariya, yake kira, domin kuskuren da ya faru a wajen kira mai kariya kai tsaye yake zuwa ga aikin firgici (aikin da Lua ke kira idan ba a tare kuskure ba), daga nan Lua ya kashe manhajar gaba ɗaya.

Mai tambaya:
A mafi yawan wurare lua_pcall ne. Na sa binciken lua_gettop kamar yadda ka ce, ya nuna bambanci a wasu gwaje-gwajen, na gyara su, amma manhajar ta sake mutuwa a wani wurin. Raba injinan zai sa in sake rubuta duk shirin farko na gwaje-gwajen, kuma ba ni da wannan lokacin. Shin babu hanyar da zan share injin tsakanin gwaji da gwaji ba tare da na rufe shi ba?